Lemun zinariya: ɗan iccen da ruwan alwala ke iya rayawa

Lemun zaƙin da ake gani ranar kasuwa a Alela matafiyi ne. Mafi yawansa daga Najeriya yake fitowa, inda jihar Binuwai ta yi suna wajen nomansa. Sai ya kwana bisa manyan motoci, ya ratsa Sakkwato, ya tsallako iyaka, ya sauka Birnin Ƙonni, sannan ƴan kasuwa su rarraba shi ƙauyuka. Kowane zango yana ƙara masa kuɗi, yana rage masa ruwa. Shi ya sa a gidaje da yawa lemu ya zama abin da ake kai wa marar lafiya, ko abin buɗa-baki cikin watan azumi, ba abin da yaro zai miƙa hannu ya tsinka don marmari ba. Lokacin da aka rufe iyaka, daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, mutanen wannan yanki sun ga yadda abin da ke zuwa daga nesa yake iya yankewa dare ɗaya.

Ba wai ƙasar Nijar ba ta karɓar lemu ba ne. Gaya, a jihar Doso, ta daɗe da sanin nomansa, kuma can cikin duwatsun Abzin garkunan Timiya suna ba da lemun da babu mai kushe shi. A nan Adar ma, masu garka a kwarin Maggiya sukan dasa lemun tsami da gwaiba da mangwaro a gefen fangalin albasa. Mutanen da suka sa sunan Galmi ya zagaya kasuwannin Afirka ta Yamma ba za a koya musu ban-ruwa ba. Ga kuma gandun noman rani na Ƙonni, mai faɗin hekta sama da 2,400, wanda aka gina tsakanin ƙarshen shekarun 1970 da farkon na 1980, yana shan ruwan madatsun Mozage da Zango. Bayan farin 1984, gwamnatin Seyni Kunce ta ja hankalin talakawa ga noman rani, har ya zama jiki.

To, amma lambatun gandun Ƙonni bai kai Alela ba, kuma tsakar gida ba fadama ba ce. A nan ruwa da igiya da guga yake fitowa, ko a famfo bayan dogon layi, ya shigo gida bisa kan mata da yara ko bisa amalanke. Tun 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen itace a ƙasar nan, kuma an dasa da yawa, amma mafi yawan abin da ya rayu cikin gidaje bedi ne, domin shi da ya kama ƙasa ba ya neman kowa. Inuwarsa tana da daɗi, sai dai ba ta shiga cikin yaro. Duk maigidan da ya taɓa dasa mangwaro ko lemun zaƙi a tsakar gida ya san inda maganar ke ƙarewa: shekara ta farko ana marmari, ta biyu ana haƙuri, a bazara ta uku uwargida ta ce ita ba za ta ƙara ɗaukar wa icce ruwa ba alhali randa ba ta cika ba. Gaskiya kuwa take da ita.

Saboda haka tambayar ba ita ce wane lemu ya fi zaƙi ba. Tambayar ita ce: wane lemu ne ƙishirwarsa ba ta fi ƙarfin gida ba?

Baƙo daga ƙasar Sin

Cikin dangin lemu akwai wani ƙarami da Turawa ke kira kumkwat. Sunan daga harshen mutanen Kanton na kudancin Sin ya fito, ma'anarsa kuwa lemun zinariya, kuma tunda ba shi da suna na Hausa, wannan fassara ta ishe shi. Iccen ba ya cika wuce mita 3 ko 4, a hankali yake girma, ganyensa ƙanana ne masu sheƙi, ƙayarsa kaɗan ce ko babu. Ɗiyansa ba su fi dabino ko kanya girma ba. Abin da ya raba shi da sauran ƴan'uwansa shi ne ba a ɓare shi: ɓawon shi ne mai zaƙi da ƙanshi, ruwan cikin kuma da ɗan tsami, sai a jefa ƙwara guda baki a tauna gaba ɗaya.

Tun a 1178 wani littafi da aka rubuta a Sin a kan noman lemu ya ambace shi. Iccen bai isa Turai ba sai a 1846, lokacin da wani mai neman irin tsirrai ɗan Sikotlan, Robert Fortune, ya kai shi Landan. Wannan mutum shi ne kuma daga baya ya kwashi iccen shayi daga Sin ya kai Indiya, wato masu zaman shayi da la'asar ma akwai ɗan labarinsa cikin butarsu. Daga Ingila lemun zinariya ya ƙetara Amurka, ya zauna a Fulorida da Kalifoniya, ya kuma samu gida a tsibirin Korfu na ƙasar Girka, inda ake dafa shi da sukari ana sayar wa baƙi. A Biyetnam da kudancin Sin, idan sabuwar shekararsu ta zo, iyali kan sayi iccen cikin tukunya, ɗauke da ɗiya jawur, su aje shi a ƙofar ɗaki don fatan arziki.

Wannan al'ada ta ƙarshe ita ce abin lura, domin ta nuna iccen yana yarda ya rayu, har ya haihu, cikin tukunya. Kuma guda ɗaya ya isa, ba ya bukatar wani kusa da shi kafin furensa ya ƙulla.

Iri uku aka fi sani. Nagami dogo ne kamar dabino, shi ya fi yawa a kasuwannin duniya, cikinsa da tsami sosai. Marumi kewayayye ne, ƙarami. Meiwa kuwa kewayayye ne, ya fi su girma kaɗan, ɓawonsa da kauri, tsaminsa kaɗan. Shi ake nufi idan aka ce mai zaƙi, kuma shi ya fi dacewa da gidan da yara za su riƙa ci ɗanye.

Lissafin ruwa

Icce ta ganye yake zubar da ruwa, saboda haka girman kansa shi ne girman ƙishirwarsa. A watannin Afirilu da Mayu, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 40 a ƙasar Ƙonni, iccen lemu yana bukatar kimanin lita 6 kowace rana a kan kowace mita murabba'i ta inuwar da yake yi da tsakar rana. Wanda ya yi yaƙi da jahilci yana iya yin lissafin da kansa. Babban lemun zaƙi mai inuwar da ta kai mita 6 daga gefe zuwa gefe ya rufe wajen mita murabba'i 28, wato lita 170 ke nan a yini, kusan bido bakwai masu lita 25. Ɗan iccen da inuwarsa ba ta wuce mita 2 ba kuwa mita murabba'i 3 kawai ya rufe. Ko an ƙara masa don iska mai zafi da ke kaɗa shi ta ko'ina, lita 20 zuwa 30 sun riƙe shi. Bambancin bido bakwai da bido ɗaya shi ne bambancin iccen da zai mutu a bazara ta uku da wanda jikoki za su tarar.

Shi ma bidon nan ɗaya ba dole ba ne a je rijiya dominsa. Gidan da ke da mutum shida masu salla, in kowane ya yi alwala da lita ɗaya sau biyar a yini, lita 30 ce ke zuba ƙasa kullum, rani da damana, ta bi rariya ta zama taɓo a ƙofar gida. Ruwa ne mai tsabta, babu sabulu cikinsa. In aka aje dutsen alwala taki biyu daga iccen, aka ja ɗan lambatu zuwa gare shi, an gama rabin aikin. A haɗa da ruwan ɗauraye ƙwarya, da na wanke ganyen miya, da ƙasari in dabbobi sun rage. Wanda ba a so shi ne ruwan wanki mai omo da ruwan da aka zuba wa gishiri ko kanwa. Lemu ba ya shiri da gishiri ko kaɗan. In rijiyar unguwa tana da zartsi, za a ga bakin ganye yana ƙonewa kamar an kai shi kusa da wuta. Maganinsa shi ne lokaci-lokaci a yi masa ban-ruwa mai yawa a tashi ɗaya, don gishirin ya sauka ƙasa da saiwoyi, sannan damana ta ƙarasa wankewa.

Akwai kuskuren da ya kashe lemu fiye da fari, wato a tara ruwa a jikin gindinsa. Mutum yana ganin alheri yake yi, alhali ɓawon gindi in ya daɗe cikin laima ruɓewa yake, sai a ga ƙaro yana tsattsafowa, ganye ya yi rawaya, reshe ya bi reshe. Masu garka sun san dabarar: a tara ƙasa zobe biyu, ƙarami kusa da gindi, babba daidai inda inuwa ta tsaya, a riƙa zuba ruwa tsakaninsu. Can ne ƙananan saiwoyin da ke sha suke, ba a jikin gindi ba. Kowace shekara a faɗaɗa zoben waje gwargwadon yadda kan iccen ya buɗe.

Wata dabarar kuma tsohuwa ce, maginan tukwane ne ke da ita a hannu. A samu tulu sabo wanda ba a shafe shi ba, a binne shi har wuya kamu biyu daga gindin ɗan iccen, a cika shi, a rufe bakinsa don sauro da ƙadangaru. Jikin tulun yana tsattsafar da ruwa a hankali cikin ƙasa, inda rana ba ta kai ba, kuma in ƙasar ta jiƙe sai ya rage da kansa. Ga wanda zai yi tafiyar kwana uku, wannan ya fi barin sallahu ga yaro.

Kada dai a ɗauka cewa baƙon nan zai iso Adar ya ji kamar gida. A ƙasarsa ta asali zafi da laima tare suke zuwa, sannan ɗari mai ƙarfi ya biyo baya, har yana jure sanyin da ke daskarar da ruwa. Zafi ba ya ba shi tsoro, cikin zafi ma yake fure. Abin da bai saba da shi ba shi ne busasshiyar iskar hunturu da ta bazara, wadda ke kaɗe fure da ƙananan ɗiya. Don haka wurin zama shi ne rabin lafiyarsa: cikin gida, inda katanga ko darni zai tare iskar gabas, kuma gabas da jikin wani ɗaki, yadda zai sha hantsi ya tsira daga ranar azahar zuwa la'asar. Ƙarƙashin bedi ba wurinsa ba ne, domin saiwoyin bedi za su riga shi ga ruwan. Wanda ya fi son tukunya ya nemi tsohuwar randa babba ya huda gindinta. Rabin tanon ƙarfe ma yana yi, amma ƙarfe in ya sha rana dafa saiwa yake, sai an naɗe shi da buhu ko zana.

Maganar launi ma a san da ita tun yanzu. Lemu ba ya yin ja sai dare ya yi sanyi. Shi ya sa na kudancin Najeriya ke zuwa kore-kore ko da ya nuna sarai, na Timiya kuwa, da ke kan tudu mai tsananin ɗari, ya fito jawur. Daren Disamba da Janairu a Adar yana da sanyin da zai taimaka, amma in ɗiyan sun tsaya a rawaya mai ratsin kore, ba ciwo ba ne. Harshe ne alƙali, ba ido ba. Akwai kuma ƴan'uwansa biyu da suka fi shi sabawa da ƙasashe masu zafi: kalamansi na ƙasar Filifin, wanda jininsa ya haɗu da na tanjarin, da wani da aka haɗa shi da lemun tsami a Amurka a 1909. Dukansu ƙanana ne, sai dai tsami gare su, aikinsu aikin lemun tsami ne.

Aure kafin dashe

Mutane da yawa sun sha lemu mai daɗi, sun shuka ƙwallonsa, sun yi shekara bakwai ko takwas suna ban-ruwa ga icce mai ƙaya da bai ba su komi ba. Lemun tsami dai yakan yi wa mai shuka ƙwallo adalci. Lemun zinariya kuwa ya fi kowa rauni a nan, saiwarsa ta kansa ba ta da ƙarfi. Shi ya sa ko a Sin da Japan aure ake yi masa, wato a ɗauko ido daga reshen iccen da aka san daɗin ɗiyansa a dasa shi a jikin wani gindi mai ƙarfin saiwa. Mai aure yakan fara haihuwa cikin shekara biyu zuwa uku, kuma abin da zai ba da shi ne ainihin abin da uwarsa ke bayarwa.

Aikin ba gagara ba ne. Ana renon gindin daga ƙwallo cikin leda har ya kai kaurin alƙalami. Sai a zaɓi lokacin da ɓawo ke saɓulewa da sauƙi, kamar cikin damana, a tsaga ɓawon da wuƙa mai kaifi da tsabta kamu ɗaya daga ƙasa, tsaga ɗaya tsaye ɗaya kwance, siffar harafin T. A yanko ido guda da ɗan ɓawonsa daga reshen uwa, a zura shi cikin tsagar, a ɗaure da zaren leda tam, yadda ruwa ba zai shiga ba. Bayan mako uku a kwance. In idon yana nan kore, aure ya ɗauru. Sai a sare kan gindin sama da shi kaɗan, don duk ƙarfin iccen ya koma ga amarya. In ya yi baƙi, a sake gwadawa a ɗaya gefen. Wanda ya yi goma ya samu biyar ba ya cikin masu kunya.

Zaɓen gindi shi ne inda ake bukatar shawarar malamin gona. A Sin da Japan wani ɗan'uwan lemu mai ganye uku-uku ake sawa, amma shi ba ya son ƙasa mai farar ƙasa, Adar kuwa tana da ita. Dutsenta ne ma masana'antar siminti ta Malbaza ke ci tun 1966. Lemu mai ɗaci, wanda malaman gona ke kira bigaradiye, ya fi jure irin wannan ƙasa. Volkameriana, da masu renon itace da yawa a Sahel ke aiki da shi, yana da saurin girma da jure wahala, sai dai ƙarfinsa yakan fi na amarya mai tafiya a hankali. Ko wane gindi aka sa, doka ɗaya ce: duk tohon da ya fito ƙasa da wurin aure a cire shi tun yana ɗanye. In aka bar shi, cikin shekara guda zai shanye amarya, maigida ya wayi gari da icce mai ƙaya da ɗiyan da ba su shayuwa, ya ce an cuce shi a wurin saye.

Dashe a yi shi bayan damana ta zauna, cikin Yuli. A gina rame santimita 70 faɗi da zurfi. In an tarar da marmara a fasa ta, don kada ramen ya zama tukunyar da ruwa zai kwanta ciki. A cuɗa ƙasar sama da taki ruɓaɓɓe bokiti biyu, a mayar, a bar shi ya sha ruwan sama sau ɗaya ko biyu. Ɗanyen kashin dabbobi ƙone saiwa yake, kuma yana kiran gara. A yaga ledar a hankali kada ƙasar ta watse, a dasa iccen daidai zurfin da yake cikin leda, wurin aure yana sama da ƙasa sosai. Ɗiyan shekarar farko a tsinke su tun suna ƙanana. Abu ne mai wuya ga rai, amma ɗan iccen da aka bari ya yi goyo tun bai yi ƙashi ba yakan tsumbure.

Taki sau biyu a shekara ya isa, farkon damana da bayan an gama tsinka. In sabon ganye ya fito fari-fari ko rawaya, jijiyoyinsa kuma suna kore, alama ce farar ƙasa ta hana iccen shan sinadarin ƙarfe. Ƙarin taki ruɓaɓɓe yana rage wannan. Toka kuwa, da aka saba barbaɗawa don gara, ƙara shi take in ta yi yawa, saboda haka a yi ta da awo.

Awaki, gara da wata cuta da ke tafe

Maƙiyi na farko a gida yake kwana. Akuya ɗaya tana iya cinye aikin shekara biyu kafin a idar da salla, don haka shinge na ƙaya ko na bulo ya riga iccen zuwa. Gara tana bin busasshiyar ciyawar da ake shimfiɗawa don riƙe laima. A shimfiɗa, amma kada ta taɓa gindi, kuma a riƙa ɗagawa ana dubawa. Tsutsar wani babban malam-buɗe-littafi tana cin sabon ganye, tana ƙarama kamar kashin tsuntsu take. A icce guda hannu ya ishe ta. Ƙananan ƙwarin da ke manne wa ganye suna tsotsa, ruwan ɗiyan bedi da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya yana korarsu in aka fesa da yamma. Abin da za a ci da ɓawonsa, a tsakar gidan da yara ke wasa, ba wurin maganin ƙwari na auduga ko na albasa ba ne.

Babbar matsala dai ita ce samun irin, domin ba a cika ganinsa wurin masu renon itace ba. A nan ne ake jin tsoron gaggawa. Ɗan kasuwa ko alhaji ko ɗalibi yana iya ganin iccen a wata ƙasa ya yanko reshe ya sa cikin jaka, da kyakkyawar niyya. Amma cututtukan lemu mafi muni cikin reshe suke tafiya, ido ba ya ganinsu. Akwai wadda ke sa ganye ya yi dabbare-dabbare, ɗiya su karkace su yi ɗaci, iccen ya mutu a hankali, kuma har yau ba ta da magani. An gano ta a Fulorida a 2005, cikin shekara ashirin ta durƙusar da noman lemun jihar da a da duniya ke shan ruwan lemunta. Ɗan ƙwaron da ke yaɗa ta, an ba da labarin ganinsa a Najeriya a 2020. Reshe ɗaya marar lafiya yana iya zama sanadin asarar masu garka daga Maggiya har Gaya.

Wannan aiki na hukuma ne. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da tasha a Ƙonni, kuma akwai ma'aikatan kare tsirrai da ke duba abin da ke shigowa ƙasa. In aka shigo da iri mai takardar lafiya ta hannunsu, aka gwada shi a kan gindi biyu ko uku a ƙasar Ƙonni da Malbaza da Illela, uwa ɗaya tana iya ba da idanun da za a aurar da ɗaruruwan itace. Masu renon itace na ƙauyuka su koyi auren, magadan gari kuma su sa ƙananan itatuwan marmari cikin abin da ake rabawa ranar 3 ga Agusta, ba itacen inuwa kaɗai ba. Kafin nan, maigidan da ke da niyya kada ya zauna jira. Ya fara da lemun tsami, ya riƙa rage masa kai don kada ya wuce ƙarfin butocin gidansa. Wurin zama, zobe biyu, tulu, shinge, duk ɗaya ne. Wanda ya raya lemun tsami bazara uku ya ci jarrabawar.

Yadda ake cinsa

Ba amfanin gona ba ne da zai yi gasa da albasa, kuma wanda ya dasa shi don ya biya haraji ya yi kuskuren lissafi. Ribarsa a cikin gida take. Ƙwara biyar ko shida, wato giram 100, suna ɗauke da kimanin miligiram 44 na bitamin C. Wannan sinadari yana taimakon jiki ya ɗebi ƙarfen da ke cikin hatsi da wake da ganye, abin da ke da muhimmanci a ƙasar da ƙarancin jini ya addabi mata masu ciki da ƙananan yara. Ƙwara biyu bayan tuwo ko bayan shinkafa da wake sun fi amfani a kan a ci su su kaɗai.

Ɗiyan ba su ƙara zaƙi bayan an tsinke su, don haka a bar su su nuna a kan uwarsu. Suna iya yin makonni a rataye ba su lalace ba, iccen shi ne rumbunsu, sai a riƙa ɗiban na yini. A yanke da almakashi da ɗan guntun sanda a jiki, domin in aka fizga ɓawon yagewa yake. A wanke, a murza tsakanin yatsu har ƙanshin ya tashi, sannan a tauna gaba ɗaya. Wanda ya tsotse ruwan ya yar da ɓawon ya sha tsami ya zubar da zaƙi. Ga yaro ƙarami a raba ƙwarar gida huɗu a fitar da ƙwallayen, kada ya shaƙe.

Yanka biyu cikin butar shayi a zagaye na uku suna canza masa ƙanshi. Ana jefa shi cikin zoɓo, ana yayyanka shi kan kwaɗon zogale maimakon a matsa lemun tsami. In ya yi yawa, a tsaga kowace ƙwara, a tafasa da sukari daidai nauyinsa da ruwa kaɗan har ɓawon ya yi haske kamar gilashi, a zuba cikin kwalba da aka tafasa, a rufe. Mutanen Kanton kuwa cikin gishiri suke jera shi a kwalba, ya yi watanni har ya yi duhu, sai su jiƙa ƙwara ɗaya cikin ruwan zafi su sha in maƙogwaro ya kama su lokacin sanyi.